Muryar Yaya a Farkon Fim

Yayana ne ya zana tambarin. A lokacin yana aiki da wani ƙaramin kamfanin rarraba finafinai a Funtua, shago biyu ne kawai a bakin kasuwa, na wani Alhaji mai sayen fim daga hannun masu shiryawa ya buga a faifai ya raba wa 'yan kasuwar ƙauyuka. Alhajin ya ce yana son abin da zai riƙa fitowa kafin kowane fim, yadda manyan kamfanoni ke yi.

Yaya ya daɗe a gaban kwamfuta. Abin da ya fitar bai da hayaniya: duhu, sai ƙwallon auduga ya tsage a hankali, farin ya tashi sama ya zama haruffan sunan kamfanin. Daga nan sai murya ta faɗi sunan, ta ce, "ke gabatar muku." Ba su samu mai karantawa ba, shi ya karanta da kansa. Mun yi ta tsokanarsa a gida, don ya ƙara wa muryar kauri.

Innarmu ba ta kallon fim. A garinmu Ƙarfi take, tana fama da gero da awaki, kuma a ganinta wannan aikin nasa wasa ne. Ciwon hanta ya kwantar da Yaya wata damina, bai ga kaka ba. Ya rasu ya bar matarsa da jaririya mace.

Bayan an share makoki, Inna ta shiga maƙwabta barka, yara na kallo a falo. Matar gidan ce ta ba ni labari: Inna na tsakiyar gaisuwa ta ji muryar, sai ta dafa bango ta zauna a ƙasa. Ba ta yi kuka ba. Ta ce kawai a maido mata daga farko.

Na kai mata na'ura da faifai. Takan sa in kunna, ta kalli audugar ta buɗe, ta saurara, sannan ta ce, "Kashe haka nan." Ba ta taɓa sanin labarin da ke cikin fim ɗin ba.

Da wayoyi suka yi yawa, kasuwar faifai ta mutu, kamfanin ya rufe. Namu faifan ya kakkarce, yana tsayawa daidai inda muryar za ta fito. Na je wurin Alhajin, ya koma sayar da taki. Ya yi wa Yaya addu'a sosai, ya ce kwamfutar ta lalace tun tuni. Sai a Danja na samu wani faifai mai kyau, wajen wani tsohon mai ba da hayar finafinai da ya tara su a buhu, aka juye mini a waya. Inna ba ta jira wannan ba, ta riga ta rasu.

Na kunna wa 'yar Yaya, ranar da ta zo yi mini sallama za ta tafi makarantar jinya. Ta riƙe wayar da hannu biyu, ta saurara, ta sake kunnawa.

"Baffa, haka yake magana?"

Na ce a'a, muryarsa ta fi haka siranta, nan ƙoƙari yake ya yi kama da na rediyo. Ta yi murmushi, ta goge ido da gefen hijabi, ta ce in tura mata.