Ƙofar Mosul

Zannun mai shimfiɗa tayil ne a Fairfield, yammacin Sydney. Ba ya ɗora tayil sai ya auna, ya sake aunawa. Haka yake bin doka ma, wannan halin kuwa shi ya cuce shi.

Fasfo biyu gare shi: na Iraƙi inda aka haife shi, da na Ostireliya inda ya haifi 'ya'yansa. Mahaifiyarsa, Hajiya Fadila, ta ƙi barin Mosul. Yaƙi ya ci ƙanensa, ya ci rabin gidan, ya bar ta da ɗaki ɗaya da tukunyar da take dafa kubba, ƙosan alkama mai nama a ciki.

Da aka fatattaki 'yan ta'addan nan masu baƙar tuta daga garin, Zannun ya sauko da akwati. Sai dai a lokacin Ostireliya ta sa Mosul cikin wuraren da taka ƙafa kawai laifi ne. Mai ƙasa biyu kuma, in laifin ya hau kansa, ana iya karɓe masa takardar zama ɗan Ostireliya, ya rabu da iyalinsa. Ya nufi wurin wata lauya.

"Akwai ƙofa guda," in ji ta. "Ziyarar dangi. Amma ka tafi da hujja a hannu, don kai za a tambaya in ka dawo."

Da wani ne, da tuni ya hau jirgi ya bar wa Allah sauran. Ban da Zannun. Fasfonsa na Iraƙi ya mutu, ya sabunta. Takardar haihuwarsa ta ƙone tare da ofishin da ke ajiye ta, ya shiga neman wata.

"Kai Zannun," in ji tsohuwar a waya, "sai an buga hatimi kafin ka yarda ni na haife ka? Kawo su nan in ba su labarin naƙudar."

"Inna, ƙara haƙuri. Saura takarda ɗaya."

"To, takardar ta zo ta ci kubbar."

Takardar ta iso, amma wayar maƙwabcin Hajiya ta riga ta. Ya ce Hajiya ta kwanta bayan azahar ba ta tashi ba, har an kai ta. Zannun yana durƙushe a banɗakin wasu mutane lokacin. Ya ce Allah ya jiƙan ta, ya ƙarasa layin tayil ɗin da ya fara. Ya jira kuka, kuka bai zo ba.

Ya koma wurin lauyar da takardar, ya ce ko kabarin ya gani.

"Akwai sauran wani naka a garin?" in ji ta.

"Babu."

Lauyar ta ce: "Doka ta ce ziyarar dangi. Ba ta ce kabari ba. Ba zan ce maka ka je ba."

Ya yi godiya, don shi mai godiya ne. Ya mayar da akwatin saman kwaba, da man zafin gwiwa da ya saya wa mahaifiyarsa a ciki. Aiki bai fasa ba, abinci ma yana ci, sai dai ba ya tambayar me aka dafa.

Ana nan, gwamnati ta cire Mosul daga dokar. Matarsa Suhaila ta same shi a ƙofar gida yana wanke bokitin siminti.

"Baban Rim, ka ji? An buɗe hanya. Kowa zai iya zuwa yanzu, ba lauya ba takarda!"

Ya zubar da ruwan, ya kife bokitin.

"Wurin wa?" ya ce.