Malam Zan-Iya da Azuzuwa Biyu

Ba iyayensa ne suka sa masa suna Zan-Iya ba, bakinsa ne ya jawo masa. Ya daɗe yana koyarwa a firamaren da ke bayan tashar mota, kuma muddin yana taron malamai ba a taɓa kawo wani aiki an rasa mai ɗauka ba. Malamin lissafi ya koma sayar da taya, Zan-Iya ya ɗauki lissafi. Da malamar aji huɗu ta bi mijinta wani gari, ko shawara bai yi da kowa ba ya kira kafinta aka ɓalle ƙofar da ke tsakanin aji huɗu da aji biyar. Nan ya mayar wurin tsayuwarsa, ƙafa ɗaya a kowane aji. Ya ba waɗannan jimla su kwafa, ya juya ya ja wa waɗancan karatu, ya zare wa na baya ido ba tare da ya katse magana ba. Abin da ke shiga kan yaran Allah kaɗai ya sani. Shiru dai akwai shi, kuma a wurin Malam shiru shi ne ilimi.

A gida ma ba a huta da shi ba. 'Yarsa Auta aikin jinya take so tun tana ƙarama, shi kuwa ya sa ta gaba safe da yamma.

"Ke dai ki yi koyarwa," in ji shi. "Malamai ake nema ido rufe. Ga hutu, ga tashi da wuri, ga mutunci, duk inda kika bi sai an gaishe ki. Likitan da kike gani wani malami ne ya koya masa riƙe biro. Ranar da kika gama, ranar za ki kama aiki."

Yarinya ta bi maganar uba. Ta je kwalejin horon malamai, ta gama da sakamako mai kyau, ta dawo gida ta zauna. Malamai ana neman su kam, a rediyo kullum sai an faɗa, ɗaukar ce dai ba a yi. Auta ta koma wanke-wanke da koya wa 'ya'yan maƙwabta baƙi da wasali, ladan aikinta "Allah ya yi albarka."

Ana nan sai ofishin ilimi ya ce zai turo sufeto ya zaga, makarantar da ta fi kowa rashin malami a ba ta gurbi ɗaya. Hedimasta, wanda ya san halin mutuminsa, ya kira shi ofis ya tura ƙofa.

"Malam, don Allah gobe ka rufa mana asiri. Ka zauna a aji biyar, ka ƙyale aji huɗu su yi ta ihunsu, mutumin nan ya gani da idonsa. In muka samu gurbin, na Auta ne. Ka ma zo da ita."

"Zan iya, ranka ya daɗe."

Kuma a yi masa adalci, ya gwada. Washegari ya dafe teburin aji biyar yana jin aji huɗu suna buga benci, gumi na keto masa kamar mai zazzaɓi. Sufeto ya iso, ya leƙa aji huɗu ta taga, ya ga yara a kan tebura, wani har da tsintsiya yana bin wani. Ya girgiza kai, hedimasta na ta godiya a zuci. Sai sufeton ya tambayi yaran wane ne malaminsu.

"Malam Zan-Iya!" suka amsa da baki ɗaya.

Shi ke nan. A ce sunansa ne a kan ajin da ke hauka, a gaban baƙo? Bai san lokacin da ya kai bakin ƙofar nan ba. Tsawa ɗaya, kowa ya nutsu. Ya cika allon nan da lissafi, ya cika wancan da labarin ƙasa, ya jefa tambaya dama, ya jefa hagu, hannaye na ta tashi. Hedimasta ya yi tari, ya ƙara yin tari, ya ɗaga masa gira har ya gaji. Malam ko kallonsa bai yi ba, don bai taɓa jin daɗin aikinsa kamar na ranar ba.

Sufeto ya kama hannunsa da hannu biyu. "Malam, ban taɓa ganin irin wannan ba. Ashe ku nan ba ku da matsala. Akwai inda ba su da kamarka ko ɗaya, can za mu kai gurbin. Wannan dabarar cire ƙofa ma sai na kai ta gaba, sauran makarantu su koya."

Auta na zaune a ofishin hedimasta cikin kayan da ta goge tun jiya, kuma taga a buɗe take. Motar sufeto na fita ubanta ya shigo yana kakkaɓe alli, bakinsa har kunne.

"Auta, kin ji abin da ya ce a kaina?"

"Na ji, Baba."

Ya juya wajen hedimasta, wanda ya zauna ya yi tagumi. "To ranka ya daɗe, ita yaushe za ta fara?"

Auta ce ta miƙe ta ɗauki jakarta, idonta ya cika da hawaye amma muryarta ba ta rawa.

"Baba, ai aikin nawa kai ka riƙe shi. Allah ya ƙara lafiya."