Mai Jifan Da Ya Kasa Jifan Shaiɗan

Shekarun baya, ina ɗalibin fiƙihu a Makka, na samu aikin tafinta a Mina lokacin Hajji, a wata tawaga da ta kawo alhazai daga Amurka. A lokacin kaina cike yake da karatu. Ko hanyar banɗaki aka tambaye ni, sai na kawo saɓanin malamai.

Cikin alhazan akwai wani dogon Baƙar fata mai faffaɗar kafaɗa, marar yawan magana, wanda daga baya ya zama abokina. Da na tambaye shi sana'arsa, ya ce shi mai jifa ne a wasan besbol. Wato shi zai wurga ƙwallo da ƙarfi, wani ya tare ta da sanda. Ya ce bai samu shiga manyan ƙungiyoyin ƙasarsu ba, sai ya bi duniya: ya buga a Meksiko, ya buga a Koriya, ya ƙare a Taiwan. Na yi dariya na ce ashe akwai inda ake ɗaukar mutum aiki don ya yi jifa, mu kuwa a Kano duka muka sha a kansa. Na ƙara da cewa to bana Shaiɗan ya shiga uku. Ya ɗan murmusa kawai, ni kuma ban lura da komai ba.

Ranar Sallah da hantsi na ja su zuwa Jamra, wurin jifan Shaiɗan. Kowa ya matsa ya jefa tsakuwarsa bakwai, har da wata tsohuwa a keken guragu. Na waiwaya na ga abokina a tsaye, hannu a sama, gumi na zuba, kawunan mutane cike a gabansa. Ya ɗaga hannun ya sauke ya fi sau biyar. Daga ƙarshe ya juya ya fita da tsakuwarsa a dunƙule.

A tanti kowa ya yi aski ya sa jallabiya, shi kaɗai ya rage cikin harami. Na zauna kusa da shi, ya ba ni labari. A wani wasa a Taiwan ƙwallo ta kuɓuce masa ta sami mai sandar a gefen kai. Mutumin ya rayu, amma bai ƙara wasa ba. Tun daga ranar, in dai akwai mutum a gabansa, yatsunsa ba sa sakin ƙwallo. Likitoci sun ce hannun lafiyarsa lau. Ƙungiyar ta sallame shi. Wata ƙaramar ƙungiya a Meksiko ta yarda ta gwada shi bayan Hajji, kuma a shekarunsa ya san ita ce dama ta ƙarshe.

"Ɗan'uwa, an ce ana iya wakilta wani," in ji shi. "Ka jefa mini."

Nan take na gyara zama. Na karanto masa babin wakilci tun daga farko, na saka shi a sahun marasa lafiya, na ce gobe ma ni zan jefa masa. Tausayinsa na ji, gaskiya. Amma na kuma ji daɗin cewa karatuna ya yi rana.

Akwai wata dattijuwa 'yar unguwar Nakkasa ta Makka da ke dafa wa tawagar shayi, asalinta Sakkwato, ta zo Hajji tun tana amarya ba ta koma ba. Inna muke ce mata, Hausarta a gauraye da Larabci. Ta kira ni gefe.

"Ustaz, esh fi, mi ya faru? Mi ya hana baƙonka aski?"

Na yi mata bayani, har da hujjojina. Ta saurara tana ɗauraye kofuna.

"Hannun ya karye?"

"A'a, Inna."

"To kai za ka bi shi ƙasar ƙwallon ka riƙa jefa mai? Khalas, ya isa. In an yi la'asar ka kawo shi, ka ce ya ƙaro tsakuwa ukku."

Na so in yi gardama, amma ba ni da littafin da ya amsa tambayarta.

Bayan la'asar cunkoso ya ragu. Na zaci za ta nema masa gefen da babu kowa. Sai ta ratsa ta tsaya daidai gabansa, bakin katangar ramin da tsakuwa ke faɗawa, ta ba shi baya. Tsawonta bai kai ƙirjinsa ba.

"Hwaɗa mai ya jefa ta bisa kaina," ta ce. "Kan nan ya sha tsakuwa, ya sha takalmi, har lema ya sha zamanin da wurin ga yake matsattse. Ga ni tsaye."

Na fassara. Ya girgiza kai ya ce ba zai iya ba. Ta ce ita ma ba za ta gusa ba, kuma shayi na jiranta. Mun fi minti goma a haka. Can ya ɗaga hannu, ya yi kabbara da muryar da ni kaɗai na ji, ya saki.

Tsakuwar ta sauka a ƙeyar Inna. Na ji ƙararta a kan mayafinta. Abokina ya dafe kai zai durƙushe.

Ko waiwayowa ba ta yi ba.

"Wagga ba ta shiga ba, ba a ƙirga ta. Yalla, ya sake."

Ta biyun ta wuce saman kanta ta faɗa ramin. Jifa ne irin na tsofaffi, a hankali, ba ƙarfi ko kaɗan. Haka ya yi har bakwai, yana kabbara yana hawaye, ni ma na kasa riƙe nawa. Da ya gama, Inna ta sosa ƙeya ta ce in gaya masa hannunsa da daɗi, na 'yan Najeriya ya fi zafi. Ranar na fara jin dariyarsa. Sauran kwanakin shi ya yi jifansa, babu kowa a tsaye dominsa.

Har yau ban ce fatawata kuskure ce ba a takarda. Sai dai na gane cewa hanyar kauce wa abin da yake tsoro na nema masa, ita kuwa ta bar abin ya faru a kanta don ya ga an tashi lafiya. Yanzu ina koyarwa, kuma kafin in ba mutum sauƙi nakan tsaya in duba ko sauƙin ne zai ƙarasa shi.

Bayan wata biyu ya aiko mini da saƙo cewa ƙungiyar ta ɗauke shi. Na hau tudun Nakkasa da ƙafa na kai wa Inna labari. Ta yi hamdala, sannan ta tambaya ko ya sake samun wani a kai. Na ce bai faɗa ba.

"Zai samu," ta ce. "Mai jifa ne. In ya samu, ka ce ya ba mutumin haƙuri, ya ɗauki ta gaba."