Ɗebo Ƙasar Kabarin Arzika

Lugu, Talata

Zakara bai yi cara ta biyu ba na bar gida, da goran ruwa da 'yar jakar fata. Labari ya iso mana cewa yayana Arzika ya rasu a madatsar ruwan da Nasara ke ginawa a bakin Kwara, inda aka kai shi aikin dole. A gidanmu, wanda ya mutu nesa sai an ɗebo ƙasar kabarinsa an binne a gida, in ba haka ba kurwarsa ba ta da masauki. Inna ta ce, "Noma, ko cikin tahi guda ne, maido min yayanka."

Dogon Dutsi, Laraba

Na iso da la'asar. Kwana biyu na share a ƙofar kumandan, Nasaran da ke mulkin garin, kafin tafinta ya miƙo mini takardar wucewa. Ya ce, "Duk tahiyag ga don ƙasa? Ta Arewa ta ƙare?" Na karɓi takardar na wuce.

Doso, Asabar

Motar gyaɗa ta tashi ƙarfe bakwai, ina bisa buhuna. Sau biyu gardi, dogaran Nasara, suka sauke mu suna jujjuya takardar da ba su iya karantawa ba. A Doso wani mahauci ɗan Tibiri ya sauke ni a gidansa, ya ba ni tuwo da romo, ya ƙi karɓar komai.

Bakin Kwara, Talata

Da hantsi na iso. Ban taɓa ganin ruwa haka ba. Mutane kamar tururuwa, kowa da kwandon ƙasa a ka. Wai shinkafa za a noma, har fitila ta kama a gidajen Nasara. Na sami Dari, mutumin Kiyeshe, wanda suka yi aiki tare da Arzika.

"Ina kushewa tai?"

"Wace kushewa? Gaɓa ta ruhta mai, anka ce a ci gaba da zuba. Yana nan ciki."

Na durƙusa inda ya nuna, na cika jaka. Sai bulala a gadon bayana. Gardi ya ce ƙasar gwamnati ce, ya zazzage ta, ya ƙwace jakar, ya ɗora mini kwando. Har faɗuwar rana ina zuba laka a kan ɗan'uwana. Baƙin cikin wannan yini ba zai bar ni ba.

Lugu, Litinin

Kwana shida a hanya ban yi wanka ba, ban cire riga ba. A Doso mahaucin ya kawo mini ruwan wanka na ƙi, ya zaci na taɓu. Da na shiga gida Inna ta dubi hannuna, wayam. Na tuɓe rigar na shimfiɗa a gabanta. Ta sa cokalin koko ta kankare busasshiyar lakar madatsar da ta manne a jikinta, ko rabin tafi ba ta cika ba. Ita muka binne.

Na gode wa Allah da ya maido ni, da mahauci, da Dari. Sauran kuwa ban yafe ba.