Takalmin Oumarou Mai Bakin Agwagwa

Oumarou Laouali mutumin Maraɗi ne, shekararsa arba'in da ɗaya, bakwai daga cikinsu ya yi su yana tantance takalma a wani sito na kayan gwanjo a Dubai Investments Park. Kwantenoni na zuwa daga Turai, a sauke diloli, a farke su a kan dogon tebur. Shi da abokan aikinsa su haɗa ƙafar dama da ta hagu, su ware mai kyau da mai dama-dama, a sake ɗaure dila a tura ta Kwatano, daga can mota ta kai Nijar. Abin da ba zai sayu a Afirka ba, ana jefa shi a wani keji na ƙarfe a bayan sito, wanda ya ga mai amfani ya ɗauka.

Daga kejin nan ya ciro wasu falankai biyu, dogaye, sirara, masu ɗagaggen baki. Ya kai su ɗakinsu na ma'aikata, ya gitta su tsakanin gadaje biyu, yana shanya wanki a kai. Sun fi shekara suna wannan aikin.

Wata Juma'a yana cin tuwo a wani gidan abinci na Hausawa a Al Rigga, sai ya nuna wa na kusa da shi hoton ɗakin a waya, yana ba shi labarin yadda mutum shida ke kwana a ciki. Mutumin, Gidaɗo, injiniyan lantarki ne daga Yola, yana zaune a Al Nahda, kuma ya yi karatu shekara huɗu a Finland. Ya karɓi wayar ya buɗa hoton da yatsu.

"Malam Oumarou, a kan me ka shanya wandon nan?"

"Siki ne, Injiniya, na zamiya a kan ƙanƙara. Mun gan shi a littafin makaranta. Amma nan ina ƙanƙarar? Gara ya riƙe mini wando."

"Wannan ba irin wanda ake haya a wurin wasan ƙanƙara na cikin mol ba ne. Na tafiya daji ne."

Gidaɗo ya ture kwano gefe ya yi masa bayani da cokula biyu. Na wasan gangara, in ji shi, ana kulle ƙafa gaba ɗaya a kan falanki, inji ya ja ka zuwa saman dutse ka zamo. Wannan kuwa tsinin ƙafa kawai ake kamawa, diddige a sake yake, mutum yana tafiya kamar mai ja da silifa. Da shi ake ratsa daji da kwari, a hau tudu da ƙafa. In an zo gangara sai a durƙusa da gwiwa ɗaya a karkata, a miƙe, a durƙusa da ɗayar. Wannan durƙuson shi ake kira telemak.

"Kamar gaida surukai," in ji Oumarou.

"Kamarsa. Sai dai surukan suna gudu."

Tun daga ranar Oumarou ya fara duba kejin da wani ido. A cikin shekara uku ya tara sandunan dogarawa, tabarau, safar hannu, da falankai na biyu waɗanda ya ba Gidaɗo. Kantunan wasanni na Dubai ba su ajiye irin waɗannan kayan, don masu saye 'yan gangara ne.

Wurin gwaji kuwa shi ya nemo. Yana yaro ya sha raka kawunsa fatauci zuwa Dakoro, ya san halin yashi. Ya ce wa Gidaɗo su jira ruwan sama na watan Janairu, washegari da sassafe su fita hamadar da ke kan hanyar Al Ain, su nemi gefen tudun da iska ke duka, don nan ne yashi ke daskarewa ya ɗauki mutum. Haka aka yi. Ya ɗaure takalminsa na aiki a kan falankai da robar tayar keke, ya ja ƙafa. A fili yana tafiya lafiya lau. A gangara robar ta tsinke, falanki ɗaya ya riga shi sauka.

Akwai direban motar ɗaga kaya a siton, Nurlan, ɗan ƙasar Kirgistan. Ya ga bidiyon faɗuwar da Gidaɗo ya ɗauka, ya yi dariya har ya kashe mota.

"Habibi, a ƙauyenmu ƙanƙara tana rufe ƙofar gida wata huɗu, kai kana nan kana cin yashi. Ina tafiya hutu a Fabrairu. Yalla, ka biyo ni."

Oumarou ya shawarci matarsa Rahamatu a waya. Ta ce ya je ya gano musu, amma hutun damina na gida ne, ba za a taɓa shi ba. Mai sito ya ba shi kwana goma. Gidaɗo ya nema musu biza ta intanet, aka yanki tikiti na goma ga Fabrairu, 2024.

Saura takalmi. Ƙarfen kama takalmi da ke kan falankansa na tsohon yayi ne, yana da haƙora uku a tsaye. Takalmin da ke shiga cikinsa na fata ne, tafinsa ya zarce yatsu ya yi faɗi kamar bakin agwagwa, da huda uku a ƙasa inda haƙoran ke shiga. Gidaɗo yana da nasa tun na Finland, lamba arba'in da biyu. Ƙafar Oumarou arba'in da shida ce. Sun yi odar ɗaya ta intanet, ya iso da wani irin baki daban, suka mayar. Ƙanin Nurlan ya zagaya masu hayar kaya a Karakol, gari mafi kusa da ƙauyensu, abin da ya samu duk na gangara ne. In ba takalmi, Oumarou zai je ne ya tsaya a ƙofar gida yana kallon wasu.

A farkon Disamba Gidaɗo ya kawo nasa takalmin sito don a gwada da ƙarfen. Oumarou ya daɗe yana juya shi a hannu, don kafin nan sai a hoto Gidaɗo ya nuna masa shi.

"Injiniya, na san takalmin nan."

"A ina?"

"Ni na tura su Maraɗi. Shekarun farko, kafin in san mene ne. Na ga fata mai kauri, na ce na magina ne. Sun fi ƙafa goma, duk a dilar yayata na sa su."

Yayarsa Safiatou tana sayar da takalman gwanjo a babbar kasuwar Maraɗi. Ya tura mata hoto da saƙon murya, amsa ta zo kafin a tashi aiki.

"Auta, mai bakin agwagwa kake nuhi? Walle na sayar da su tuni. Mi za ka yi da shi?"

"Ƙanƙara zan taka, Yaya."

"Ka bar zahin Maraɗi ka tahi zahin Dubai, yanzu kuma sanyi kake biɗa. To, Allah shi kyauta. Bari in tambaya."

Safiatou ba ta rubuta sunan mai saye, amma ba ta manta ƙafa. A mako biyu ta gano mutum biyar: magina uku, wani mahauci, da mai gadin makaranta. Duka biyar ɗin bakin takalmin ya sa su tuntuɓe, duka sun kai wa badukun bakin kasuwa ya yanke shi da wuƙa ya goge wurin tas. Badukun ya ce shi gyara ya yi, don Turawan ne suka manta ba su datse ba. Ta turo hotuna, Oumarou ya duba ɗaya bayan ɗaya a lokacin cin abinci. Hudojin duk sun tafi da bakin.

Badukun ne kuma ya tuna da na shida. Akwai wani dogon ɗan kabu-kabu, Mika'ilu, da ya hana a taɓa nasa. Safiatou ta same shi a tashar babura, ta sa ya cire ta duba lamba. Arba'in da shida. Ta kira Oumarou ta miƙa wa Mika'ilu wayar.

"Malam, ba na sayarwa ba ne," in ji Mika'ilu. "Da bakin nan nake ɗaga giya. Shekara huɗu ban sake takalmi ba."

"Ba saye zan yi ba, ɗan'uwa, musanya za mu yi. Ina tsaye a kan takalmi dubu. Faɗi irin wanda kake so."

"Mai ƙarfe a baki. Kuma sai na hau babur da shi yini ɗaya na ji. In bai yi mini ba, kowa ya riƙe nasa."

Oumarou ya yi kwana uku yana zaɓe, ya nuna wa mai sito, shi kuma ya ce ya ɗauka. Aika saƙo kuwa sai ta hannun matafiya, kamar yadda aka saba. Hajiya Mahfuza, 'yar kasuwa mai sarin atamfa da turare tsakanin Dubai da Maraɗi, za ta koma gida a tsakiyar Janairu ta dawo farkon Fabrairu. Ta karɓa ta cusa a jaka.

Mika'ilu ya hau babur da sabon takalmin ba yini ɗaya ba, har huɗu yana gwaji. Oumarou bai matsa masa ba, amma abokan aikinsa sun ce a kwanakin nan sau biyu yana haɗa hagu da hagu. A rana ta biyar Mika'ilu ya ajiye tsohon a rumfar Safiatou, ya ce giya ta fi wuyar ɗagawa, amma ƙafarsa ta daina gumi.

Hajiya Mahfuza ta sauka ranar bakwai ga Fabrairu. Oumarou ya same ta a harabar masaukinta a Al Rigga bayan la'asar.

"Ga amanarka, Oumarou. Yadda Safiatou ta naɗe shi na zaci kilishi ne. Da ma'aikacin filin jirgi ya ce in buɗe, shi da kansa ya ja da baya."

"Allah ya saka da alheri, Hajiya."

"Amin. Amma gaba in takalmin ɗan kabu-kabu ne, ka nemi kago, masu jigilar kaya."

Hudojin sun cika da jar ƙasa ta daskare. Ya zauna a ƙofar ɗaki ya sassaƙe ta da ƙusa, ya shafe fatar da man kaɗanya da Safiatou ta haɗo a leda. Ya ɗora takalmin a kan ƙarfe ya danna. Haƙoran uku suka shiga.

Ƙauyen su Nurlan yana bakin wani kwari mai itatuwa, tafiyar awa ɗaya daga Karakol. Mahaifinsa makiyayin dawaki ne, ya sauke baƙin a ɗakin da murhu yake, kullum da asuba ya ajiye musu butar ruwan zafi don alwala. Oumarou ya ce abin da ya fara ba shi mamaki shi ne shiru. Na biyu kuwa santsi. A yashi sai ka tura kafin ka motsa, a nan kafin ka yi niyya ka tafi. Ranar farko Gidaɗo ya ƙirga masa faɗuwa goma sha tara, sannan ya daina ƙirga.

A rana ta biyu ya iya tafiya a fili, suka bi sawun dawaki har gindin tudu. A ta uku Gidaɗo ya zaɓi wata gangara mai sauƙi a bayan garke, ya ce ya gwada durƙuson. Ya gwada har azahar yana kifewa. Bayan sun yi salla ya sake hawa, ya zamo, ya sauke gwiwar dama, falankan suka karkata da shi a hankali zuwa dama, ya tsaya a kan ƙafafunsa. Mahaifin Nurlan yana jingine da shinge, ya gyaɗa kai ya koma wajen dawakinsa. A rana ta huɗu suka yi nisa cikin kwarin, suka sha shayi a kan wani kututture, Oumarou ya haɗa karkata uku a jere.

A rana ta biyar, suna da tafiyar awa ɗaya da rabi daga gida, bakin takalmin hagu ya tsage daidai kan hudojin. Tafin ya sha ranar Maraɗi shekara huɗu, ya bushe, sanyi ya ƙarasa shi. Nurlan ya ciro tsirkiyar linzami daga jakarsa ya ɗaure ƙafar a kan falanki, suka sauko a hankali, Oumarou yana jan ƙafa ɗaya.

Gidaɗo ya fi shi jin haushi.

"Duk wahalar nan, Malam Oumarou, kwana huɗu kacal."

"Huɗu da rabi, Injiniya. A da ko kwana ɗaya na taɓa yi?"

Sauran kwanakin ya yi su yana taya tsohon ba dawaki ciyawa, da yamma ya zauna a bakin garke yana kallon Gidaɗo yana zamowa, yana gaya masa inda ya yi kuskure.

Ya koma bakin teburinsa ranar ashirin ga wata. Falankan ya bar su a rumbun mahaifin Nurlan. Takalmin kuma yana wajen mai ɗinkin sirdi na ƙauyen, wanda ya ce zai gwada yi masa sabon tafi da fatar sa ninki uku, ya huda da kansa. Har yanzu bai aiko da labari ba. Oumarou ya ce mutumin yana da sirdi da yawa a gabansa, kuma ƙanƙara ba za ta sauka ba sai Nuwamba.