Reshen Ƙarshe na Tuffar Gavrila

Kakana Gavrila ya rasu a watan Mayu, bishiyoyin tuffa suna cikin fure. Har yau barcina bai daidaita ba.

Manomi ne, bai taɓa barin ƙauyenmu ba sai da ya tafi aikin soja. Yana saurayi ya tarar da wani tsiron tuffa a bayan garken aladun mahaifinsa, ba wanda ya shuka shi. Ya hana a cire. Da bishiyar ta fara 'ya'ya, mutane suka yi ta dariya: ƙanana, fata kamar tsatsa, ga tauri, ga tsami mai kashe haƙora. Shi kuwa ya binne su cikin busasshiyar ciyawa a ɗakin ajiya. Bayan Kirsimeti suka koma rawaya, suka yi zaƙi, ƙamshi har bakin ƙofa, kuma ba sa ruɓewa har bikin Ista. Aka sa mata suna Tuffar Gavrila.

Ƙwayarta ba ta haifar da irinta, sai dai a yanki reshe lokacin sanyi a aura wa wata bishiya. Ya aura wa rabin ƙauye. Daga baya maƙwabta suka tumɓuke nasu, suka dasa jar tuffar da 'yan kasuwa ke so. Uwar kaɗai ta rage. Ita ma bara tsawa ta tsaga ta, reshe ɗaya ya tsira, a galabaice. Kakana ya ce a bar shi ya murmure, a yanka da sanyin baɗi.

A wurinmu in mutum ya mutu, ana sare reshe daga bishiyarsa, a rataya wa reshen burodi da alewa, a riƙe shi gaban akwatin gawa har kabari. Ranar jana'iza na ga Baffa Ilarie ya fito da zarto. Na ruga wurin kakata Paraschiva.

"Kaka, a sari na maƙwabta mana. Tuffa ai tuffa ce."

"Ji ɗan nema! Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana cewa jar tuffar nan soso ce da aka shafa wa fenti, ita zan raka shi da ita? Ai tashi zai yi ya zauna."

"In aka sare reshen nan, irin ya ƙare ke nan."

"Na sani, Traian. Na fi ka cin ta."

Baffa ya sosa ƙeya, ya nuna ni. "Mama, ko dai mu ji ta mai digiri?"

"Ilarie, hau tsani."

Ni na riƙe masa tsanin. Ni kuma na ɗauki reshen, fure na zuba a kafaɗata har maƙabarta. A bakin kabari Kaka ta karyi 'yan tsinkaye daga jikinsa, ta cusa mini a aljihu ba tare da ta dube ni ba.

Mayu ba lokacin auren bishiya ba ne, kowa ya sani. Duk da haka na aura su a wata tuffar jeji, na naɗe da ƙyalle da kakin zuma. Ganyen sun bushe. Baffa ya ce in karci ɓawon da farce, in cikin kore ne to da sauran rai. Kullum da safe nakan je in tsaya. Na kasa karta.