Habsatu Mai Fura da Tiyar Zakariya'u

Kowa a Sabon Garin Maraɗi ya san furar Habsatu. Da ita take ciyar da 'ya'yanta tun rasuwar mijinta, geron kuwa daga Tsibiri take sayowa.

Wata shekara ta lura geron yana ƙarewa da wuri, alhali ba ta ƙara girman curi ba. Ranar kasuwa ta ɗauki tiyar awo ta gidanta, ta nufi wurin Zakariya'u, wanda ta saba saye a hannunsa. Da ya gama awo, sai ta juye geron cikin tata. Bai cika ba. Ashe ya bubbuge gindin tiyarsa ya shige ciki.

"Haba Inna, kunyata ni za ki yi?" in ji shi, murya ƙasa-ƙasa.

"Ban zo faɗa ba, ɗana. Cika mani, kuma ka sake tiya."

Ya cika, har da gyara. Ba ta daina ciniki da shi ba, don ta san ba zai kuma ba. Yanzu matan unguwa ita suke ba sautun gero, Zakariya'u kuwa da ya hango ta sai ya shimfiɗa mata tabarma.